Ranar da Aka Naɗe Kogin Daraza

Waɗanda suka ga abin da idonsu sun ce ranar Laraba ce. Gari ya waye a Tungar Kwalli, masunta suka gangara bakin ruwa suka tarar babu kogi. Ba janyewa ya yi ba irin ta rani. Ɗauke shi aka yi ɗungurungum. Jirage na zaune a kan yashi da igiyoyinsu yadda aka ɗaure su jiya, yashin kuwa ya bushe ƙamas, ko kwaɗo ɗaya ba a bari ba. Wata tsohuwa da ta riga kowa fitowa ta ce ta ga waɗansu dogayen mutane masu fararen kaya sun kama bakin kogin suna naɗe shi kamar tabarma, suka saɓa a kafaɗa suka yi gabas da shi.

Garuruwa uku ne ke rayuwa da Kogin Daraza. Can sama a gindin duwatsu akwai Majemar Dutse, garin masu jima da rini. A tsakiya akwai Fadamar Kanya, masu noman albasa da tumatir. A ƙasa kuma Tungar Kwalli, garin masunta. Shekara bakwai ke nan ba sa shiri. Mutanen Fadama na cewa baƙin ruwan majema ke ƙona musu shuka, masunta na cewa maganin feshin manoma ke kore musu kifi, majema kuwa suka ce su a sama Allah ya ajiye su, ba su suka ce ruwa ya riƙa gangarawa ba.

Kwana uku da tafiyar kogin, rijiyoyi suka fara ba da laka. Maza suka zauna gindin ɗorawa suna gardama, waɗansu har sun fara ɗaure kaya. A Tungar Kwalli akwai wata mai bandar kifi da ake kira Kuluwa, mace mai shekara arba'in da biyar, mai kaifin baki, wadda ita ke gaba duk sa'ad da aka tafi yi wa mutanen sama ƙorafi. Ta tsaya ta saurari mazan, ta ga zancen ba shi da ranar ƙarewa. Ta koma gida ta cika gora da ruwan da ya rage, ta ƙulle busasshen kifi da ashana a bakin zane, ta shiga tsakiyar yashin ta miƙe gabas.

Da azahar ta kai Fadamar Kanya. Nan ta tarar da Nomau, shugaban manoman rani, tsaye kan injin ban ruwansa, albasa duk ta kwanta.

"Kuluwa, yau ma faɗan kika kawo?" in ji shi.

"Malam Nomau, a kan me za mu yi faɗa? Abin faɗan ai an ɗauke shi. Bin sawu nake."

Ya dubi albasar, ya dubi yashin. Ya ɗauki sandarsa da malfarsa da goransa ya bi bayanta.

Washegari da hantsi suka iso Majemar Dutse. Sarkin majema, wani dattijo mai suna Jatau, yana zaune kan buzunsa a bakin ramukan jima, fatu jibge a gabansa sun fara wari don babu ruwan wanke su. Hannuwansa baƙi ƙirin har gwiwar hannu saboda aiki.

"Baba Jatau, kun gama kashe shi, yanzu hankalinku ya kwanta," in ji Kuluwa.

"Yarinya, in ni na kashe shi, nuna mini gawar. Ta nan suka wuce da shi, na ga sawunsu. Ƙafa ce mai yatsu a haɗe kamar ta agwagwa." Ya naɗe buzunsa ya rataya tare da goransa, ya soke wuƙar kankare fata a ƙugu. "Ku kun san hanyar mafarin ruwan? To, ku biyo ni."

Suka hau duwatsu har inda kogin ke ɓuɓɓugowa a da. Wurin ya tsage, ya zama ƙofa mai tsawon giginya. A bakinta wata kififiya ce kwance, girmanta ya kai rumbu, da zoben tagulla a hancinta. Ta buɗe ido ɗaya.

"Ya ku 'yan Adam, me ya kawo busassun ƙafafu ƙofar masu ruwa?"

Jatau ya rusuna. "Ranki ya daɗe, kogi muka biyo."

"Wanda ya biyo kogi, da ƙishi yake shiga. Ku ajiye gorunanku."

Suka ajiye. Ta shanye ruwan duka ukun, ta tauna gorunan, sa'an nan ta ja jikinta gefe suka shige.

A ciki babu rana babu wata, amma da haske kamar na hantsi. Suka faɗa wani daji wanda itatuwansa ba su da ganye sai leda, baƙa da fara, rataye a kowane reshe. Da suka kai tsakiya, ledojin suka tashi gaba ɗaya kamar jemagu. Ɗaya ta lulluɓe fuskar Nomau ta manne, ya faɗi yana shure-shure. Jatau ya danne shi da gwiwa, ya tsaga ledar da wuƙa daidai baki, har ya ɗan yanke shi a leɓe. Waɗansu suka nannaɗe ƙafafun Kuluwa. Ta tuna yadda take korar ƙuda daga kifi. Ta yagi gefen zanenta, ta haɗa da ɗanyen gansakuka da ta kankaro daga dutse, ta ƙyasta ashana. Hayaƙi ya turnuƙe, ledojin suka ja da baya suna ƙugi. Haka suka ratsa dajin, ita a gaba da hayaƙi, su biyun riƙe da juna a bayanta.

Da suka fita, Nomau ya share jini ya ce, "Ina aka samo leda haka?"

"Akwai ta kifina a ciki," in ji Kuluwa. "Na ga irin ƙullin da nake yi."

Gaba kaɗan suka iske wani tafki wanda ba a hango ƙarshensa. Ruwansa kashi uku ne, ba ya gauraya: baƙi, kore, sai fari kamar tsinkakken nono. A bakinsa wani mutum ne tsaye a kan ƙafa ɗaya, jikinsa na mutum, kansa na zalɓe.

"Ga jirgi nan," in ji shi. "Ba na tuƙa kowa. Ƙasansa a huje yake, ruwan kuma yana cin nama. Wanda ya fasa, hanyar baya a buɗe take."

Jatau ya shimfiɗa buzunsa kan ramin ya zauna a kai. Kuluwa ta ɗauki gwangwala, don tun tana yarinya take tuƙi. Nomau ya cire malfa yana kwarfe abin da ya tsatso. Suna shiga baƙin ruwan Jatau ya shaƙa ya ce, "Wannan namu ne. Ga tokar, ga sinadarin da muke saye a buhu." Ruwan ya fara cin buzun, gashinsa na zubewa. Da suka shiga koren, idanunsu suka kama yaji. Nomau ya ce, "Na san warin nan. A bakin kogi muke wanke tankunan feshi." Waɗansu kifaye marasa idanu suka taso suna dukan jirgin da kai, Kuluwa ta yi ta kauce musu. Da suka shiga farin, babu wari, babu motsi, babu kifi ko ɗaya. Mazan biyu suka dubi juna, kowa ya ce ba nasa ba ne. Kuluwa ta kau da kai, ta ƙara ƙarfin tuƙi. Suna taɓa gaci buzun ya ɓurme, jirgin ya nutse a bayansu.

Sai ga birni mai ganuwar farar ƙasa mai sheƙi. Mutanensa dogaye ne masu yatsu a haɗe. Da yawa jikinsu duk gyambo, yara kuma ana jan su da hannu don ba sa gani. Ba wanda ya tanka musu. A dandalin birnin suka ga Kogin Daraza a naɗe, tsayinsa kamar tsauni, kifi na yawo a cikinsa, har da wani guga da igiyarsa da aka naɗe tare da shi. Ƙishi ya sa Nomau ya nufe shi, wani dogari ya tare shi da mashi.

A gindin kogin wata mace ke zaune a kan kujerar dutse, gashinta fari har ƙasa, ruwa na ɗiga daga gare shi. Ita ce Magajiyar Ruwa. Suka durƙusa.

"Ya ku 'yan Adam, ku faɗi buƙatarku a taƙaice."

Kuluwa ta ce, "Ranki ya daɗe, ni daga Tungar Kwalli nake. Mu ne a ƙasa, duk abin da waɗannan suka zuba mu muke sha. In hukunci ne, a yi musu, a mayar mana da ruwanmu."

"Ke ce a ƙasa?" in ji Magajiya. "Bayan garinku akwai wani kwari mai zurfi inda muke renon 'ya'yanmu. Su ne a ƙasa." Ta ɗaga hannu, aka kawo ƙoƙo uku aka jera, ɗaya da baƙin ruwa, ɗaya da kore, ɗaya da fari. "Baƙin nan shi ya ba mutanena gyambo. Koren ya makantar da yara. Farin kuwa bai bar wanda za a yi jinya ba. Ya 'yar masunta, kin san shi?"

Kuluwa ta sunkuyar da kai. "Na san shi. Maganin da masuntanmu ke zubawa ne kifi ya taso matacce, tun da kamun ya yi wuya."

"Kin hana?"

"Ban hana ba. Ni nake saye in banda, don ya fi araha."

"To ga hukuncina. Abin da kuka ba mu muka sha, ku ma ku sha. Mai baƙin zai yi jinyar wata uku. Mai koren zai rasa ido ɗaya. Mai farin ba zai kai ga ajiye ƙoƙon ba. In an shanye, kogi ya koma. In an ƙi, ku tafi lafiya, ku nemi wata ƙasar."

Kuluwa ta daɗe tana kallon ƙoƙon. Ta kwance sauran kifin da ke bakin zanenta ta miƙa wa Nomau, ta ce ya kai wa jikokinta ya gaya musu inda ta tsaya. Ta ɗauki farin da hannu biyu.

"Dakata, yarinya," in ji Jatau. Ya juya wajen Magajiya. "Ranki ya daɗe, ina neman fahimta. Sharaɗin shi ne kowa ya sha nasa, ko kuwa a shanye duka?"

"Sharaɗin shi ne kada ɗigo ya rage."

"To a ara mini ƙwarya."

Aka kawo. Ya juye baƙin a ciki, ya karɓi farin daga hannun Kuluwa ya juye, ya miƙa wa Nomau hannu. Nomau ya riƙe nasa gam.

"Baba, ni da ido ɗaya zan iya noma. Wannan haɗin ban san abin da zai yi mini ba. Ina da 'ya'ya tara."

"Ni ma ban sani ba," in ji Jatau. "Amma na san abin da farin zai yi mata in ta sha ita kaɗai. In ka ƙi, ba zan zarge ka ba, mu biyu ma raba."

Nomau ya taɓa leɓensa inda wuƙar ta yanke shi. Ya yi bisimilla ya juye koren. Jatau ya gauraya da yatsa, ya raba uku daidai, suka kafa kai tare.

Kuluwa ta ji kamar an zuba mata garwashi daga maƙogwaro har cibiya, ta faɗi. Ba ta san iya lokacin da ta yi a kwance ba. Da ta farka ta ga mazan biyu a zaune, sun rame kamar waɗanda suka tashi daga doguwar jinya, amma kowa da idanunsa biyu. Aka kawo musu zuma da gurasa. Suka ci, suka ji kamar ƙasa suke taunawa. Aka kawo ruwa a kasko, Kuluwa ta kurɓa, nan take ta ji komai a harshenta: dutsen da ya ratso, saiwar da ya taɓa, har da awakin da suka sha a gefensa.

"Ɗanɗanon abinci ya bar ku har abada," in ji Magajiya. "A madadinsa, babu abin da za a zuba a ruwa ya ɓoye muku, ko wanda ya zuba shi."

Ta yi umarni, dogarai suka tura kogin duka cikin wata salkar fatar akuya, aka ɗaure bakinta da ƙulli uku.

"Kowane ƙulli na gari ɗaya ne. Ba wuƙar da za ta yanke shi. Ranar da garin ya gyara abin da ya ɓata, zai kwance da kansa. Salkar za ta riƙa ɗiga abin da za ku sha kwana arba'in. In sun cika da sauran ƙulli ko ɗaya, mutanena za su zo su ɗauki kayansu."

Suka rufe ido bisa umarninta, suka buɗe suka gan su a kan duwatsun Majemar Dutse, ƙofar ta rufe. Salkar na da nauyin da sai su uku suke iya ɗaga ta. Suka rataye ta a wata tsamiya, suka sa randa a ƙarƙashi, suka aika a kira garuruwan uku.

Da farko ba a yarda da su ba. Wani marini ya kawo ruwa a kwano ya ce in gaskiya ne a faɗi na ina ne. Kuluwa ta kurɓa ta ce, "Rijiyar bayan gidanka ce, kuma akwai mataccen ƙadangare a ciki tun shekaranjiya." Aka je aka duba aka ciro shi. Daga nan aka zauna.

Kwana huɗu ana magana, har sau biyu ana tashi baram-baram. Majema suka ce ba su da hannun da za su haƙa sababbin ramuka nesa da gaɓa cikin kwana arba'in. Masunta, da ba su da aikin yi tun da babu ruwa, suka ce za su haƙa. Suka haƙa manyan ramuka uku a jere, aka dandaɓe su da yumɓu, aka zuba yashi da gawayi, yadda ruwan jima zai kwanta ya tace kafin ya kai ko'ina. Manoma suka kawo amalanke suka kwashe ƙasar. Mata da 'yan mata na garuruwan uku suka bi yashin kogin daga sama har ƙasa suna tsince leda. Rana ta goma sha tara ƙullin majema ya kwance. Masunta suka tattaro maganin kifi gida-gida aka binne shi can cikin fako, ƙullinsu ya kwance rana ta ashirin da shida.

Na manoma ya ƙi. Sun haƙa wurin wanke tankuna nesa da ruwa, sun yarda su bar taku ashirin na ciyawa tsakanin shuka da gaɓa, amma ƙullin ko motsi. Rana ta talatin da takwas ɗigon salkar ya ragu, randa ba ta kai rabi ba. Nomau ya bi fadamar rami-rami yana haƙa yashi yana lasar damshin, har ya kai gonar wani attajiri wanda ya binne durom shida na lalataccen magani a gaɓa, suna tsiyaya. Mutumin ya ce ba mai taɓa masa gona. Mutanen garuruwa uku suka zo suka tsaya a kan iyakarsa, ba wanda ya ɗaga murya, har attajirin ya shiga ɗaki ya ɗauko shebur da kansa.

Rana ta arba'in da hantsi ƙulli na uku ya zame. Ruwa ya fito da ƙarar da ta sa awaki tsinke igiya, ya gangara garau, ana ganin tsakuwar ƙasansa. Sai washegari da la'asar ya kai Tungar Kwalli, ya ɗaga jiragen daga kan yashi.

Garuruwan suka ƙulla cewa duk farkon wata za a haɗu a gari ɗaya, bi da bi. Kowane gari zai kawo tulunan ruwan da aka ɗebo daga ƙasansa, mutanen nan uku su ɗanɗana a gaban jama'a. Wanda aka kama, a raba shi da kayan sana'arsa har damina ta wuce. Wata shida ana yi, abin da aka samu bai wuce wani mai wankin babur a gaɓa ba.

A wata na bakwai aka zauna a Majemar Dutse. Aka zuba daga tulun farko na Tungar Kwalli. Jatau ya kurɓa, ya riƙe a baki, ya haɗiye. Nomau ya kurɓa, ya sa ido a ƙasa. Aka miƙa wa Kuluwa. Tana kai shi baki ta ji farin, kaɗan ne ƙwarai, ta kuma ji hannun da ya zuba shi. Barau ne, ƙanenta uwa ɗaya uba ɗaya, wanda matarsa ta haihu kwanan nan. Yana tsaye cikin taron, hularsa a hannu.

Jatau ya matso ya yi ƙasa da murya. "Kaɗan ne, yarinya. In kina so, mu ja masa kunne a gefe."

"Baba, da na majema ne, a gefe zan faɗa?"

Ta miƙe tsaye yadda kowa zai ji. "Akwai maganin kifi a ruwan nan. Daga garinmu ne. Barau ɗan Cindo ya zuba, kwana biyar da suka wuce, a gindin faru. A ja jirginsa tudu. Abincin gidansa kuma a kaina har damina ta wuce."

Barau ya sa hularsa ya fita daga taron. Kuluwa ta bi shi da ido har ya sha kwana, sa'an nan ta zauna. Jatau ya ɗebo ruwa daga mafarin kogin a sabon ƙoƙo ya miƙa mata. Ta kurkure baki, ta taka nesa da gaɓa ta tofar, ta dawo ta ce a kawo tulu na gaba.